Ma'aunin Nisa na Leza a Hannun Sabon Ɗan Baka

Ɗan abu ne baƙi da ke cika tafin hannu, da gilasai a gaba da wurin sa ido ɗaya a baya. Ka ɗora shi a ido kamar madubin hangen nesa, ka daidaita ɗan gicciyen da ke ciki a kan bishiya ko suri, ka danna madanni, sai lamba ta fito: mita 27, mita 41. Nawa ɗan China ne, irin masu arahar nan da ake tallarsu a intanet. Wani ɗan kasuwa ne ya sako mini shi a motar haya daga Kano zuwa Birnin Kebbi, na karɓo na taho da shi Argungu. Kuɗinsa a lokacin ya yi kusa da na buhun gyararriyar shinkafa, kuma ya ga damina ya ga hunturu a hannuna.

Samarin da suka fara sayen bakan zamani a nan wajenmu, irin wanda ake kwancewa gida uku a sa a jaka, suna yawan tambayata ko su ma su saya. Kukansu ɗaya ne. A taku goma sha biyar kibiya tana zuwa inda aka aike ta, da an ja baya zuwa talatin ko arba'in sai ta riƙa noma ƙasa a gaban buhun da ake hari, ko ta tsallake shi ta shige ciyawa a yi ta nema. Abin da nake gaya musu shi ne na'urar tana da amfani ƙwarai, amma mafi yawan amfaninta a filin gwaji yake. Wanda kuma bai mallaki kibau shida masu tsawo ɗaya da nauyi ɗaya ba, ya bar maganar ma'auni tukuna, ya je ya sayi kibau.

Sai an fahimci yadda kibiya take faɗuwa kafin a san me ake saye. Bakana mai fam 35 ne, wato ja kamar na kilo 16 idan na kawo tsirkiya bakina. Irin wannan baka yana tura kibiya da gudun mita 50 zuwa 55 a daƙiƙa. Mu ɗauki 50 don lissafi ya zo da sauƙi. Daga lokacin da kibiya ta rabu da tsirkiya, ƙasa take janta. Tafiyar mita 20 tana ɗaukar ta daƙiƙa 0.4, kuma a ɗan wannan lokaci ta sauka kusan santimita 80 daga layin da aka sake ta. Tafiyar mita 40 daƙiƙa 0.8 ce, saukar kuwa ta haura mita 3. Nisa ya ninka biyu, faɗuwa ta ninka huɗu. To a ce idonka yana kuskure da kashi ɗaya cikin goma, wanda ga sabon hannu wannan ma yabo ne. Ka ce mita 15 alhali 16 da rabi ne, kibiya za ta sauka ƙasa da inda ka nufa da santimita 5 kacal, ba wanda zai lura. Ka ce 40 alhali 44 ne, saukar ta zama santimita 35. Wannan kuma lissafin allo ne, ban sa yadda iska take rage mata gudu a hanya ba. Gada tsayinta a kafaɗa bai fi rabin mita da kaɗan ba. Santimita 35 a jikinta shi ne tsakanin huhu da kofato.

A nan ne na'urar take cin kuɗinta. Aikinta mai sauƙi ne: tana harba hasken leza da ido ba ya gani, hasken ya bugi abu ya dawo, ita kuma ta ƙirga lokacin. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, saboda haka zuwa da dawowar mita 30 kashi ɗaya ne cikin miliyan biyar na daƙiƙa. Na gwada tawa da tef ɗin magina a jikin katanga, daga mita 10 har 50, ban ga ta kauce da fiye da mita ɗaya ba, yawanci ma rabin mita. Ga ɗan baka wannan ya isa har ya yi yawa. An rubuta mita 600 a jikin kwalinta, kuma a kan rufin kwano mai ƙyalli tana kai nesa sosai, amma wannan ba ruwanmu da shi. Ba kibiyar da za ta je can.

Abu na farko da ta yi mini shi ne ta ba ni jadawali. Na tsaya a mita 15, 20, 25, 30, 35 da 40, a kowane wuri na lura da inda tsinin kibiya yake zama a idona idan na cika ja, da inda take sauka. A kusa, tsinin yana zama ƙasa da inda nake so da tazara mai yawa. Ina ja da baya tazarar tana raguwa, har na iso nisan da nake ɗora tsinin daidai a kan tsakiyar buhu ta faɗa nan. A bakana, da yatsu uku a ƙarƙashin kibiya da manuniya a gefen baki, wannan wuri yana wajen mita 35. Naka zai bambanta, domin tsawon hannu da tsawon fuska da nauyin kibiya duk suna shiga ciki. Na rubuta lambobin a farar filasta na manna a cikin baka. Masu bakan da ke da ma'aunin saiti mai allurai, su ma haka za su yi, kowace allura da nisanta. Idan babu irin wannan jadawali, na'urar za ta ce maka mita 32 ka tsaya kana kallonta, ba ka san abin da za ka yi da lambar ba.

Na biyu, wanda na fi jin daɗinsa, wasan canki ne. Ina tafiya gona ko ina dawowa daga kasuwa sai in zaɓi wani abu, kalgo ko turken wuta ko jakin da aka ɗaure, in faɗi nisansa a raina, sannan in danna. Nan mutum yake gane yadda ido ke yaudara, kuma yaudarar tana da tsari. A fadama, inda ƙasa take shimfiɗe ba abin da ya tsaya tsakani, komai yana yi maka kusa. Tsallaken ruwa ya fi muni: ka tsaya a gaɓar Matan Fada ka canki ɗaya gaɓar, da wuya ba ka rage ba. Da almuru ko cikin hazo abin yana juyawa, na kusa ya yi maka nisa. Idan kana tsugune ma daban yake da idan kana tsaye. Bayan wani lokaci ana wannan wasa, a ƙasa da mita 25 ido yana daidaita har ka daina buƙatar dannawa. Yaran unguwa sun shigo wasan, kuma akwai wani ɗan makiyayi a cikinsu da yake kunyata manya.

Yanzu aibobinta, kuma ba kaɗan ba ne.

Irin wadda na samu an yi ta ne don 'yan wasan golf, masu son sanin nisan tuta a fili mai gajeriyar ciyawa. Saboda haka an tsara ta ta kama abin da ya fi kusa. A dajinmu bayan damina, inda gamba ta fi mutum tsawo, abin da ya fi kusa kullum kara ne. Ka auna kututture a mita 28, ta ce maka 9, domin wani siririn kara da ba ka ma gani ba ya gitta. Waɗanda aka yi don mafarauta suna da tsarin da ke tsallake ciyawa ya kama abin da ke baya, kuma mai sayarwa ba zai gaya maka wannan bambanci ba, sau da yawa shi ma bai sani ba. Dabarar da nake yi ita ce in riƙe madannin in riƙa shara a hankali hagu da dama, in ɗauki lambar da ta fi girma kuma ta fi maimaituwa.

Lambobin baƙaƙe ne. Da rana tsaka ba matsala, amma da asuba da almuru, lokacin da nama yake motsi, baƙin rubutu a kan duhun sabara ba ya karantuwa. Sai ka danna, ka ɗaga ta sama wajen haske ka karanta. Masu jan rubutu mai haske sun fi tsada. Mai farautar dare da fitilar goshi kuwa kada ma ya ɓata kuɗinsa. Tana jawo abu kusa ninki shida, wanda ke da daɗi wajen leƙe, amma yana ninka rawar hannu ma. Sai na dafa gwiwar hannu a kan gwiwa ko na jingina da bishiya. Hazo mai kauri yana rage mata nisa, sai dai a tazarar baka ban ga ya hana ta aiki ba. Abin da hunturu yake yi mata na ɓarna ƙura ce a gilashi, kuma wanda ya goge da gefen riga zai karce shi. A hura tukuna, sannan a shafa da ɗan ƙyallen da ya zo da ita. Sai batir. Wani gajere mai kauri ne da ake kira CR2, na zagaya masu kayan wuta a nan ban samu ba, sai da aka sayo mini daga Sakkwato. Akwai masu caji da wayar cajin waya, su ya kamata mutumin nan yankin ya nema. Kada kuma a bar ta cikin akwatin babur a zafin ranar Afrilu.

A kula da wani ƙaramin abu: tana auna da mita, tana auna da yadi, kuma riƙe madanni ɗaya na ɗan lokaci yana sauya su. Yadi 40 mita 36 da rabi ne da ɗan ɗori. Bidiyoyin Amurka da samari suke kallo da yadi suke magana. Ka zaɓi ɗaya ka zauna a kansa, ka riƙa duba harafin da ke gefen lamba kafin ka yarda da ita. Tana kuma da lissafin gangare, domin kibiya da nisan shimfiɗe take aiki, ba da nisan da ido ya bi ba. A ƙasarmu ta fadama wannan kusan ado ne: idan kana kan reshe mita 5 daga ƙasa, abin da na'ura ta ce 13 a shimfiɗe 12 ne. Mutanen Zuru masu duwatsu su ne za su more shi, don a gangare mai digiri 30, mita 40 tana komawa ƙasa da 35.

Akwai ƙanen kakana na wajen uwa, maharbi ne tun yana saurayi, yanzu ƙafa ta hana shi shiga daji. Na kai masa ita ya gani. Ya leƙa, ya auna rumbu, ya auna akuya, ya yi dariya ya miƙo mini.

“Aboki, wanga madubi naka ya gaya maka nisa. To shina gaya ma gada ta tsaya?”

Na ce, “Kaka, ku da me kuke aunawa?”

Ya ce, “Mu ba mu sakin kibiya sai mun ga ƙibtawar idon nama.”

Kibansa suna nan a tsohon kwari: kyauro mara nauyi, ba gashi a gindi, ƙarfe mai kunne aikin maƙeri. Irin wannan kibiya ba don nisa aka yi ta ba, kuma da can ƙarfinta a dafin ƙwanƙwani yake, wanda ke tsayar da zuciya. Ko a cinya ta samu nama, magana ta ƙare, sai bin sawu. Mai bakan zamani ba shi da wannan. Kaifin kan kibiya kawai yake da shi, dole ta ratsa huhu ko zuciya, a bayan ƙafar gaba, wurin da a jikin gada bai fi tafin hannu da yatsunsa ba. Wato an rage mana wurin bugu, samari kuma suna son ƙara nisa. Wanda ya shiga gidan tarihi na Kanta a nan Argungu zai ga bakuna da kwaruruwan mayaƙan Kabi, kuma kowa ya san 'yan baka na Shehu Ɗanfodiyo masu yaƙi a ƙasa ne suka karya dawakin Gobir a Tafkin Kwatto a 1804. Amma harbin yaƙi ruwan kibau ne a kan taron dawaki, duk inda ta faɗa ta samu. Haka masu gasar Olamfik: suna harbi daga mita 70 a kan allo mai faɗin santimita 122, tsakiyarsa 12.2, amma nisan sananne ne, allon ba ya motsi, ba ya jin ƙara. Ko gasar harbin kibiya da ake haɗawa da bikin kamun kifi, abin da ake hari a tsaye yake yana jira.

Maganar Kaka lissafi ya gaskata ta. Ƙara tana gudun kusan mita 340 a daƙiƙa, ta ninka kibiyata fiye da shida. A mita 40 ƙarar tsirkiya tana isa kunnen nama a daƙiƙa 0.12, kibiya kuwa sai bayan 0.8. Nama yana da kusan kashi biyu cikin uku na daƙiƙa ya duƙa ya zabura, kuma gada ba ta buƙatar rabin haka. Ka auna daidai, ka saki daidai, kibiya ta je daidai inda gada take ɗazu. Idan an yi sa'a ta wuce fayau. Idan ba a yi ba ta shiga tumbi ko ƙugu, dabba ta tafi da ciwo ta mutu a inda kuraye da ungulaye za su ci. Ga kuma hukunci. An sani ana ambaton sunan Allah lokacin saki, kuma sai kibiya ta huda da kaifinta naman yake halatta. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya fayyace cewa abin da aka buge da gefen makami ba a ci. Malamanmu na Malikiyya kuma suna da dogon zance a kan naman da aka harba ya ɓace har ya kwana. Harbin nesa shi ne babbar hanyar shiga wannan shubuha.

Shi ya sa nake harbin buhu a mita 40, nama kuwa ba na wuce 18 zuwa 20. Harbin nesa a fili yana tona asirin hannu. Kibiyata tsawonta ya kai santimita 70. Idan yatsana ya kauce daga inda ya saba zama a gefen baki da rabin santimita kawai, a mita 15 kaucewar santimita 10 ce, a mita 40 ta kusa 30. Na'ura ba ta gyara wannan. Ba ta gyara damƙe baka da ƙarfi har ya murɗe, ko fizge yatsu maimakon a bar tsirkiya ta zame, ko sauke hannun baka da wuri don leƙen inda kibiya ta faɗa, wanda shi ne ciwon kowane sabo. Ba ta gyara bakan da ya fi ƙarfin mai shi. Saurayi ya sayi mai fam 55 don a ce, yana ja yana rawa, gara ya fara da 25 ko 30. Ba ta gyara kibau 'yan tsince-tsince. Kiban zamani na kabon suna da lamba a jiki, 500, 600, 700, ƙaramar lamba ta fi tauri, kuma baka irin nawa da 600 ko 500 yake tafiya. Kan farauta mai kaifi ma ba ya tashi daidai da dunƙulallen tsinin gwaji, yana kama iska, musamman iskar hunturu idan ta bugo daga gefe, don haka sai an gwada shi da kansa a buhu kafin a shiga daji. Ni buhu nake danƙarewa da tsummoki da ledoji, in manna faifai a tsakiya, in tabbatar da tudu ko katanga a baya, ba hanyar mutane ko ta dabbobi ba. Nisan da kibiyar farko ta safe, hannu da sanyi, take shiga faifai kullum ba fashi, shi ne nisanka. Bayan ka saba da 40, idan ka dawo 20 faifan yana yi maka girma, kuma wannan ne ribar.

A daji amfaninta ɗaya ne na gani. Idan na zauna kwanto kusa da mashaya ko hanyar nama, tun kafin komai ya motsa nake auna alamomi: wancan suri 12, wancan geza 17, wancan kututture 22. Sai in mayar da ita aljihu. Nama ya shigo tsakanina da geza, na san abin yi. Yana bayan kututture, kallo ne nawa. Wanda ya jira sai nama ya fito sannan ya ɗaga na'ura, ya sauke, ya ɗauki baka, wutsiya kawai zai gani.

Dole in faɗi wani abu da ba ya cikin takardar da ta zo da ita. A halin da dazukan Kebbi da Zamfara suke ciki, baƙon mutum da abu mai kama da madubin leƙe a bakin daji yana iya jawo wa kansa tambayar da ba zai ji daɗin amsawa ba. Ka sanar da mai unguwa da Sarkin Baka na yankin, ka shiga tare da mafarautan da aka sani, 'yan banga su san fuskarka, kada ka auna shingen jami'an tsaro ko da wasa. Kada a haska ta a idon mutum. Gandun dajin Kainji da sauran wuraren da gwamnati ta killace ba a farauta a cikinsu, barewa kuma ta yi ƙarancin da ya kamata a ƙyale ta.

Wanda yake da tef mai mita 50 da turaku zai iya yin jadawalinsa ba tare da ita ba, a kashi kaɗan na kuɗinta. Abin da tef ba zai ba shi ba shi ne wasan canki da auna alamomi a kwanto. Idan mutum uku ko huɗu suna gwaji tare, su haɗa kuɗi su sayi ɗaya, ta ishe su. Wanda zai saya ya tambayi abu uku: ta mafarauta ce ko ta golf, da caji take ko da batir, kuma daga mita nawa take fara karantawa, don wasu ba sa ganin abin da ke ƙasa da mita 5. Idan a shago ne, ya tafi da tef ɗinsa, ya auna mita 20 daga katanga, ya danna sau da yawa a wuri ɗaya. Idan lambar tana tsalle tsakanin 18 da 22, ya ajiye musu kayansu.